Ɗan'azumi, Wanda Girgizar Ƙasa Take Gudu

In kana sauri, kada ka tambayi Malam Ɗan'azumi komai. Wannan ce nasihar farko da muke yi wa duk ɗalibin da ya sauka unguwar Selly Oak ta Birmingham daga gida, tun kafin mu nuna masa inda ake sayar da naman halal. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya gyara tabarau, ya ce, "To, ya danganta." Daga nan ka rasa bas ɗinka, ka rasa na bayansa. Matarsa Hajiya Batulu ta ce ta taɓa tambayarsa ko miya ta ji gishiri, sai da tuwo ya huce kafin ya kai ƙarshen amsa, kuma har yau ba ta san ko miyar ta ji ba.

Na san inda ya gaji wannan hali, don shi ya ba ni labarin da bakinsa, kuma sai da ya cinye mini awa biyu. Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne a ƙasar Kazaure, mutumin da bai taɓa ce wa mai gida "akwai ruwa a nan" ba. Abokan sana'arsa sukan rantse tun ba a sa diga ba, su karɓi aiki. Shi kuwa ko me za ka yi masa, abin da zai ce shi ne, "Mu haƙa mu gani." Ya sha rasa aiki a kan haka. A bakin waɗannan ramuka Ɗan'azumi ya tashi, yana ganin jar ƙasa tana ƙarewa tsakuwa ta karɓa, tsakuwa ta ƙare yumɓu ya karɓa, har abin ya shiga ransa. Ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu a Zariya, gwamnati ta turo shi Birmingham a 1986, ya yi digirin digirgir a kan girgizar ƙasa.

To ga abin haushin. Mutumin nan bai taɓa jin girgizar ƙasa da jikinsa ba. Ko sau ɗaya.

A watan Satumba na 2002 ƙasa ta motsa a Dudley, nan kusa da mu, har tagogi suka yi ƙara a Birmingham. Yana Kazaure hutu. Ya dawo yana cizon yatsa, sai bayan wata ɗaya girgizar ta koma Manchester, ta yi ta yi ƙanana-ƙanana har makonni. Ya hau jirgin ƙasa da littafinsa da biro, ya sauka a gidan ƙanwarsa Kulu a Moss Side, ya kwana uku yana jira. Duk wadda ta zo, yana cikin bas a Oxford Road, inda ko giwa ta faɗi ba za ka ji ba. Ta 2008 da ta tashi rabin ƙasar nan, barci ya yi abinsa. Da aka yi ta Kwoi a Kaduna a 2016, kwana huɗu ke nan da barinsa Najeriya. Mu dai a masallaci mun yanke cewa gudunsa take yi, tsoro take ji kada ya tsare ta da bayani.

Ingila ba ta ɗaukar mutum aiki don ya zauna jiran girgiza, saboda haka shekara goma sha tara ya yi wa wata ƙaramar hukuma aikin duba ƙasa kafin a yi gini, yana neman tsofaffin ramukan kwal da aka manta da su a ƙarƙashin unguwanni. Magina ba sa ƙaunarsa, don ba ya sa hannu a takarda sai an haƙa an gani. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu a 2011, aka rufe ɗakunan karatu, aka rage ma'aikata, ofishinsu na mutum shida ya koma na mutum biyu, kuma ba ya cikin biyun. Tun daga lokacin yake kula da gidajen haya na ɗalibai, yana gyara famfo da hita, yana yi wa yaran mutane bayanin tsagar bango alhali su makullin ƙofa suka zo karɓa.

Haka yake har watan Maris na 2017, ranar da 'yar ƙanwarsa Jamilatu ta zo daga Manchester da buƙata ɗaya tak.

Jamilatu likita ce, shekararta ashirin da takwas, ita ce 'yar farin Kulu. Tana da shekara huɗu aka kawo ta ƙasar nan, saboda haka Hausarta tana ɗingishi, sai ta jingina da Turanci. Ina gidan ranar, na zo ya duba mini wata takarda, shi ya sa na ji komai. Ta shigo idanunta sun faɗa, ta zube a kujera ko jaka ba ta ajiye ba.

"Kawu, wallahi na gaji. Wajen da ya kamata mu zama likita huɗu, mu biyu ne. Shift uku a jere, ko ruwa ba na samun sha. Jiya na tsaya a gaban mara lafiya na manta me na zo yi."

Wani asibiti a Wellington, can ƙasar New Zealand, ya ba ta aiki na shekara biyu. Abokan karatunta da yawa sun riga sun tafi. Suna jiran amsarta zuwa Juma'a da tsakar rana, in ba ta amsa ba a ba wa wani. Ita kuma ta yi wa kanta alkawari ba za ta taka jirgi ba sai da yardar uwarta, tunda mahaifinta, Injiniya Abdulsalami, ya rasu shekara huɗu da suka wuce.

"Me Umman taki ta ce?" in ji Ɗan'azumi.

"Ni? Yaushe ta taɓa ce mini wani abu? Talabijin ta gaya wa. Ta kalle shi ta ce, 'Wasu mutane dai ba sa tausayin kansu, ƙasa tana rawa suna neman zuwa.' Ina zaune a gefenta, Kawu!"

Kun san kunyar ɗan fari. Kulu ta riƙe ta kamar yadda uwarta ta riƙe a Kazaure, ba ta rage ko ƙwaya ba. Ba ta kiran sunan Jamilatu, ba ta yabonta, ba ta yi mata magana mai nauyi ido da ido. Da tana ƙarama "wannan yarinya" ce, da ta gama karatu ta zama "likitar nan". Mu da muka tashi a gida mun san abin da ke ƙarƙashin wannan shirun. Yarinyar da ta tashi a Moss Side, tana ganin uwayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta, ta san al'adar a kai, amma zuciyarta ba ta taɓa karɓa ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, wata huɗu kafin nan an yi wata babbar girgiza a can New Zealand, kuma duk wanda yake da lambar Kulu sai da ya turo mata bidiyon. Titi ya tsage, layin dogo ya karkace, ga wasu shanu uku tsaye a kan ɗan guntun ciyawa, ƙasar da ke kewaye da su duk ta zaftare. Shanun nan sun hana Kulu sukuni.

"Jimla ɗaya nake so, Kawu," in ji Jamilatu. "Kai ne yayanta, kai ne ka karanta abin. Ka je ka ce mata, 'Kulu, ba komai, ba abin da zai same ta.' Shi ke nan. Kada ka ƙara ko kalma."

Ya cire tabarau ya goge. "To ai ban san haka ba."

"Kawu!"

"Zan je. Amma ya danganta da..."

Hajiya Batulu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam Rabi'u, don Allah kai za ka kai shi a motarka. Ka zauna kusa da shi. Da ka ji ya ce 'ya danganta', ka taka masa ƙafa."

Ranar Alhamis muka kama hanya bayan azahar. Tafiyar awa biyu ta zama ta uku saboda gyaran titi, kuma duk tsawonta ina koya masa jimlar nan kamar mai bitar allo. Ya faɗa sau biyu daidai. A na uku ya ce, "Ba komai, Kulu, in dai an yi la'akari da irin ƙasar da ginin yake kai." Na kusa bugun motar gabana.

Gidan Kulu yana cikin jerin gidajen jan bulo da suka manne da juna. Ɗinki take yi a ɗakin gaba, rabin matanmu na Manchester ita ke yi musu kayan sallah, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta tarbe mu, aka gaisa, aka tambayi Batulu da yara, ta kawo kunun gyaɗa da shayi ta jera a teburin cin abinci. Jamilatu ta zauna can ƙarshen tebur da wayarta a hannu. Kulu ba ta dubi wajen ba.

"Yaya," ta ce, "na san abin da ya kawo ka. Tambaya ɗaya zan yi maka, amsa ɗaya nake so. Garin nan da 'yarka take son zuwa, ƙasarsa za ta girgiza ko ba za ta girgiza ba?"

Na ɗora takalmina a kan nasa, na danna.

"Za ta girgiza," in ji shi.

Shekara talatin muna roƙon mutumin nan ya ba da gajeriyar amsa. Ranar da ya bayar, ga wadda ya zaɓa. Jamilatu ta kifa goshi a kan tebur.

"Yaushe?" in ji Kulu.

"Ba wanda ya sani."

"Kai da digirin naka?"

"Ni da duk masu digirin duniya. Za mu iya gaya miki inda za ta yi, da irin ƙarfin da za ta iya kaiwa. Rana kuwa, duk wanda ya ce miki ya sani, boka ne."

"To ai dole ta yi rawa. Mutum ya bar ƙasa mai tushe ya je ya zauna a kan tsibiri, abu yana yawo a kan ruwa kamar faifai a baho."

"Kulu, shekara ashirin da huɗu ke nan kina zaune a kan tsibiri."

Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ingila ma ruwa ne ya kewaye ta, ta sani sarai, ba ta dai taɓa haɗa biyun ba.

"Tsibiri ba ya yawo," in ji shi, kuma na ji muryar ta canza, ta koma ta malamin da aka hana aji shekara da shekaru. Na sake taka shi, ya janye ƙafar ya ɓoye ta bayan kujera. "Kan dutse ne da ya leƙo daga ruwa, gindinsa yana can ƙasa. Dubi kunun nan."

Kunun ya fara hucewa, ya yi fata a sama. Ya sa cokali ya tsaga fatar gida uku.

"Duniya ke nan. Sama ta daskare, ciki da zafi, kuma fatar ba ɗaya ba ce, yanki-yanki ce. Kowane yanki yana tafiya a hankali, kamar yadda farcenki yake tsiro. Najeriya tana tsakiyar yanki, Ingila ma nesa take da baki, shi ya sa namu ƙanana ne. Waccan ƙasar kuwa a daidai kan tsagar take, inda manyan yankuna biyu suka haɗu suna turereniya."

Ya jawo ƙananan farantan shayi guda biyu, ya haɗa bakinsu, ya fara turawa da hannu biyu.

"Ɗaya yana so ya shige ƙarƙashin ɗaya, amma sun cije. Shekara ɗari suna cije, ƙarfi yana taruwa, yana taruwa..."

Farantin dama ya yi tsalle ya hau na hagu, ya bugi kofina, shayi ya malale a kan farar rigata.

"Yauwa!" in ji shi, fuskarsa tana haske. "Girgiza ke nan. Kuma wannan turereniyar ita ce ta ɗago ƙasar daga cikin teku tun farko. Abin da ya haifi tsibirin shi ne yake girgiza shi. Japan haka, Indonesiya haka."

"Ka ɓata wa baƙo riga," in ji Kulu. Ta miƙo mini tsumma ba ta ko dube ni ba. "Sau nawa take yi a shekara?"

"Ya danganta da wadda kike nufi. Wadda na'ura take ji, ta haura dubu goma sha biyar."

"Inna lillahi!"

"Wadda mutum yake ji, ɗari da wani abu. Nan Ingila ma ana yin ɗari biyu zuwa uku a shekara, ba ku dai ji."

"Kai ne ba ka ji," in ji Kulu. "Ni na ji. A gidan nan, da rana tsaka, ina tsaye a kicin. Kwanuka suka yi ta kaɗawa, bulo ya faɗo daga kan rufin maƙwabta. Kai kana ina? Ka zo washegari da littafi kana tambayata ko fitila ta yi lilo."

Abin ya sosa masa inda yake masa ciwo, kuma mutum irin Ɗan'azumi in ya ji ciwo, lissafi yake kamawa.

"Taki ai ba ta kai maki huɗu a ma'aunin girgiza ba. Wadda ta bar shanun nan a tsaye ta kusa takwas."

"Ninki biyu ke nan."

"A'a. Kowane maki ɗaya ninki talatin ne da ɗoriya. Waccan ta fi taki ƙarfi kusan sau dubu ɗari bakwai."

Ban ma nemi ƙafarsa ba. Me zan taka kuma? Kulu ta ɗauki farantan nan biyu ta raba su, ta ajiye kowanne nesa da ɗan'uwansa.

Jamilatu ce ta miƙe. Hausar da Turancin suna karo da juna a bakinta.

"Na gode, Kawu. Ka gama aikinka. Zan rubuta musu in ce ba na zuwa." Ta juya wajen uwarta. "Amma Umma, ni ki gaya mini. Ki ce kada in je. Ki dube ni ki faɗa. Shekara ashirin da takwas ina jin labarin kaina ta bakin talabijin da firji da Kawu. Ko sunana ban taɓa ji a bakinki ba."

Kulu ta ɗauki tsumman ta shiga goge wurin da babu shayi.

A daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo ba a jira ba. Celestina ce, maƙwabciyar Kulu ta jikin bango, tsohuwar nas 'yar asalin Jamaika, wadda ta riga su zama a layin. Ta kawo siket a rage mata, ta tarar da likita tana kuka, wani baƙo da rigar shayi, wani kuma yana kallon kunu kamar ya yi masa laifi. Ta tambaya da Turanci wa ya mutu. Jamilatu ta zayyana mata komai cikin numfashi ɗaya, har da maganar suna.

Celestina ta ajiye siket ɗin, ta riƙe ƙugu, ta yi dariya har da tari.

"Yarinya, kaf layin nan a bakin uwarki muka koyi sunanki. Ranar da ƙasa ta motsa, ba an aike ki shago sayen madara ba? Na fito ƙofa, sai ga Sista Kulu a guje, ba takalmi, ba mayafi, cokalin miya a hannu, tana ta kwarara ihu, 'Jamilatu! Jamilatu!' Har kare na gida mai lamba tara ya bi ta. Ta kai ƙarshen layi, ta hango ki kin fito daga shago kina cin cingam hankalinki kwance. Sai ta yi birki, ta juyo da sauri ta shige gida kafin ki gan ta. Na ce, wannan mata lafiya kuwa?"

Jamilatu ta tsaya da baki buɗe. "Da na shigo, cewa ta yi a sa madarar a firji."

"Wannan mata ta tsufa," in ji Kulu da Hausa, tana goge teburin da ƙarfi. "Ruɗewa take yi."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga ƙofa ta buɗe, in dai kowa zai yi shiru na minti ɗaya. Na manta da wanda na ɗauko a motata.

"Waje kika fita?" in ji Ɗan'azumi. "A guje? Ba takalmi, bulo yana faɗowa? Kulu, ai wannan shi ne babban kuskure."

"Kawu, don girman Allah!"

"Malam," na ce, "tashi mu tafi, dare zai yi mana a hanya."

Amma Kulu ta daina gogewa. Ta ajiye tsumman, ta jawo kujera ta zauna daf da yayanta, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"To me ya kamata in yi?"

"Iye?"

"Mako uku ke nan kowa yana ce mini ba komai. Liman ya ce ba komai, likitana ya ce ba komai, matan da nake wa ɗinki sun ce ba komai. Ni da na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata za a ce wa ba komai? Tun waccan rana nake tambayar kaina me mutum yake yi, ban sami wanda zai gaya mini ba. Kai ka ce za ta girgiza. To ta girgiza. Sai a yi me?"

Wallahi ban taɓa ganin Ɗan'azumi ya yi magana a miƙe kamar ranar ba. Ya ce girgiza ita kanta ba kasafai take kisa ba, abin da mutum ya gina shi ke faɗo masa. Ya ce wadda aka yi a wani birnin New Zealand a 2011 ta ci rai ɗari da tamanin da biyar, kuma fiye da rabinsu a bene ɗaya ne da ya rushe. Ya ce mutanen can sun daɗe da sanin ƙasarsu, yawancin gidajensu na katako ne, yana lanƙwasa ya dawo, ba kamar bulo ba da yake zubewa. A nemi gida a kan ƙasa mai ƙarfi, a guji wurin da aka cike teku aka yi fili, don irin wannan ƙasa in ta girgiza ruwa take zama. A ɗaure kabad da bango. Kada a rataye komai mai nauyi a saman gado. A ajiye ruwan sha da tocila da takalmi a kusa. In mutum yana bakin teku kuma girgizar ta yi ƙarfi ko ta daɗe, da ta tsaya ya nufi tudu, kada ya jira sanarwa.

"In kuma ta same shi a ɗaki?"

"Ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin tebur, ya riƙe ƙafar teburin har ta wuce. Yaran firamare ma ana koya musu."

Kulu ta dubi teburinta na cin abinci, mai kauri, wanda marigayi ya saya.

"Ka ce wa 'yarka ta shiga in gani."

"Umma?"

"Yaya, ka ce mata ta shiga. Kai ma ka shiga ka nuna mata, tunda kai ne malamin."

"Kulu, gwiwata..."

"Girgizar za ta tambayi gwiwarka?"

Haka likita mai duba mutum arba'in a yini ta durƙusa ta rarrafa ƙarƙashin tebur, dattijo mai digirin digirgir ya bi ta yana nishi, tabarau a karkace. Kulu ta kama gefe ɗaya, ta yi wa Celestina alama ta kama ɗayan. Ni na kwashe kunu. Matan nan biyu suka shiga jijjiga teburin da iya ƙarfinsu, cokula suna tsalle, Celestina tana ihu da Turanci a riƙe da kyau.

"Hannunta ɗaya a kan wuya!" in ji Ɗan'azumi daga ƙasa. "Kulu, a hankali, wannan ai ta kai maki bakwai!"

"Ka ji daɗinka, yau ka ji guda ɗaya," in ji ta.

Da suka gaji suka tsaya, Kulu tana haki. Ta gyara ɗankwalinta.

"Yaya, ka gaya wa 'yarka, gidan katako, ba bene ba. Ka gaya mata kafin ta sa hannu a takardar haya, kai za ka je ka duba ƙasar wurin da idonka, tunda ba ka da aikin da ya fi wannan. Ka gaya mata ta sayi tebur kafin ta sayi gado."

"Umma," in ji murya daga ƙarƙashin tebur, "ga ni nan fa. Taku ɗaya ne tsakaninmu."

Kulu ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ta lura mayafin teburin ya zame, ta sunkuya tana gyara gefensa, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda gyaran yake buƙata. Ina tsaye da kwanon kunu a hannu, na ji abin da ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙafar tebur.

"A je. Allah ya tsare. Allah ya yi albarka."

Ba ta faɗi sunan ba, kada ku sa rai. Amma Jamilatu ta miƙo hannu ta riƙe gefen zanenta, Kulu kuma ba ta janye ba sai da ta ga ina kallo. Daga nan ƙarƙashin teburin yarinyar ta rubuta wa asibitin ta ce tana zuwa. Kawunta kuwa sai da ni da Celestina muka ja shi ta hammata kafin ya fito.

Ya je ɗin, a watan Agusta. Ya ƙi gida huɗu, ya sa dillalin gidaje ya kusa kuka, ya amince da na biyar a kan wani tudu bayan ya bi unguwar yana leƙa ramin da masu gyaran bututu suka haƙa. Kwana goma sha shida ya yi a ƙasar da take motsi dubbai a shekara. Yakan zauna a dandamalin katako da kofin ruwa a gabansa yana jira. Ko ruwan bai kaɗa ba. Jirginsa na dawowa yana sama, bai ma kai Dubai ba, Jamilatu ta turo saƙo cewa an ɗan yi wata, fitila ta yi lilo, ta shiga ƙarƙashin tebur, lafiya lau.

Kulu tana da lambar 'yarta, ta kuma iya kira sarai. Amma duk ranar da wani ya turo mata labarin girgiza, ko a Chile aka yi, Birmingham take bugowa. "Yaya, ka tambayi likitar nan ko ta shiga tebur." Shi kuma sai ya gyara zama ya fara yi mata bayanin nisan Chile da Wellington. Hajiya Batulu ta ce da ta ji an fara, takan sauke tukunya ta kashe wuta.